Ku daina share fuskar kamfanoni da sunan zamani

Wannan zanen da ake ta yaɗawa tun jiya, wanda wani ya kwaso tsofaffin tambura ya ce wai ya gyara su, ya ɓata min rai matuƙa. Ya kankare duk wata lanƙwasa, ya zubar da launin da aka san su da shi, ya rubuta sunayen da baƙaƙen haruffa iri ɗaya, jama'a kuma sai yabo suke yi wai abin ya fito tsaf. To ya fito tsaf ɗin, amma wa zai gane su?

Aikin mai zanen tambari na farko shi ne ya binciko abin da idon mutane ya riƙe game da kamfani, sannan ya ɗauke hannunsa daga wannan wurin. Wanda bai yi wannan ba tun kafin ya buɗe kwamfuta, ɓarna zai yi komai gwanintarsa.

A 2009 Tropicana, mai sayar da ruwan lemon kwali, ta cire lemon nan da aka soke da tsinken zuƙa daga jikin kwalinta, ta sa hoton kofi cike da ruwan lemo. Mai saye ya tsaya gaban kanta, hannunsa ya saba zuwa wuri ɗaya, ya duba ya rasa kayansa, ya ɗauki na wani. Cikin wata biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari, dole suka dawo da tsohon kwalin. Gap mai sayar da tufafi ma ta gwada sauya nata a Oktoban 2010, sabon tambarinta bai wuce mako guda ba. Sababbin zanen nan ba su rasa tsafta ba. Abin da mutane suka sani aka taɓa.

Na san za a ce min fuskar waya ƙarama ce, dole a sauƙaƙa. Wa ya hana? Mastercard ta sauƙaƙa nata a 2016, a 2019 har sunan ta cire, amma jan da'ira da rawaya suna nan sarƙe da juna. Haka mai hankali yake ragi: ya yar da kaya, ya bar fuska. Masu cewa tsohon zane ya tsufa kuma, su je su faɗa wa Coca-Cola, da take rubuta sunanta da salon rubutun hannu tun ƙarni na 19.

Wallahi abin yana taɓa ni, domin tambari ba ya zuwa duniya da daraja, shekaru ne suke zuba masa ita. Carolyn Davidson tana ɗaliba ta zana alamar Nike a 1971, dala 35 aka biya ta. Abin da ya ba wannan ɗan layin nauyi shi ne shekara da shekaru ana ganinsa bai sauya ba. Sai mutum ya zo dare ɗaya ya goge irin wannan don a yaba masa a shafinsa? Haba!

Kuma don Allah, ku daina liƙa zanenku a hoton bangon gilashi mai sheƙi kuna nuna wa kwastoma. Komai aka ɗora a wurin kyau yake yi. Ku buga shi baƙi da fari, ku ƙanƙantar da shi ya zama kamar hatimi a ƙasan rasit, ku miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ku ji abin da zai ce.