Kafin a tura yaro Mora da bindiga

Kowane ɗan Marwa, a arewacin Kamaru, ya san BIR, rundunar sojan Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa. An kafa rundunar a 2001 don maganin 'yan fashin hanya da muke kira zargina, kuma wani tsohon hafsan Isra'ila, Avi Sivan, shi ya tsara horonta har ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2010. Kurtun da ya shiga can sai ya yi tafiyar ƙasa ta ɗaruruwan kilomita da kaya a baya, ya kwance bindigar Galil ko Tavor ya haɗa ta har hannunsa ya haddace. Wajen juriya da saiti ba ni da abin cewa. Waɗanda suka tsaya wa harin Boko Haram a garin Kolofata a Janairun 2015 ba su buƙatar shaidata.

Ina zaune a Faransa yanzu, kuma tun wannan watan na Janairun 2015 sojoji ke sintiri a tashoshin jirgin ƙasa a ƙarƙashin shirin Sentinelle. Yara ne ƙanana, wasunsu ko gemu bai fito ba. Abin da nake kallo a jikinsu shi ne yatsa: kullum a miƙe yake a gefen bindiga, nesa da kunama, bakin bindigar kuma yana kallon ƙasa. Maye ya zage su, sun wuce. Wannan ma horo ne, kuma ina ganin ya fi harbin allo wuya.

A wajenmu shirin zuciya kafin tafiya bakin daga ya fi karkata ga cire tsoro. Waƙoƙin atisaye, addu'ar uwa, laya a damtse ga mai sha'awa, gicciye a wuya ga ɗan kudu. Ban raina ko ɗaya ba. Wanda za a kai Fotokol, inda kogin El Beid kaɗai ya raba shi da Gamboru ta Najeriya, dole ya nemi abin da zai riƙe zuciyarsa. Sojan Chadi kuwa tun yaƙin Toyota na 1987 da suka gwabza da Libiya ya ɗauki kutsawa gaba a matsayin gado, kuma bayan Boko Haram ta kashe musu kusan mutum 100 a Bohoma a Maris 2020, shugabansu na lokacin, Idriss Déby, da kansa ya tafi bakin tafkin Chadi.

Sai dai yaƙin Boko Haram ba na sahu da sahu ba ne. Yawancin ranakun soja a shingen bincike suke ƙarewa, yana duban mai babur, da mata masu dawowa daga kasuwa, da yarinya cikin hijabi wadda watakila gyaɗa take ɗauke da ita, watakila bam. Yaron da aka ɗauko daga Ebolowa ta kudancin ƙasar ba ya jin Fulatanci, balle Kanuri ko Larabcin Shuwa. Tsoho ya ce masa gona zai je, shi kuma bai ji komai ba sai hayaniya. Daga nan sai tsoro ya yi masa tafinta. Me zai hana a ware makonni cikin horon a koya masa gaisuwa da tambayar hanya, da yadda ake shiga gidan mutane?

Mun ga inda rashin wannan ke kaiwa. Bidiyon ƙauyen Zelevet da ya bazu a 2018 ya nuna sojoji sun harbe mata biyu da 'ya'yansu biyu. A Satumbar 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma. Bayan irin wannan, wane ɗan ƙauye ne zai zo da dare ya raɗa wa soja cewa ya ga baƙin fuska a bayan dutse? Alhali da wannan raɗar, da idon 'yan sa-kai, ake tsira daga kwanton ɓauna.

Kada wani ya ce na zauna cikin Turawa na fara yi musu kirari. A Bounti ta ƙasar Mali, jirgin Faransa ya jefa bam a Janairun 2021, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne kuma fararen hula 19 suka mutu, Faransa ta musanta. Wato wannan ladabin da nake gani a tasha, sun fi kiyaye shi idan mutanen da ke gaban bindigar nasu ne. Mutanen Mora da Kolofata kuwa na sojan Kamaru ne, takardar ɗan ƙasa ɗaya suke riƙe da ita.