Sankarar mama bayan ɗaukewar al'ada: gado ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba

Idan aka ɗauko zancen sankarar mama a gaban matan da suka manyanta, da wuya a tashi ba a ji maganganu biyu ba. Wata za ta ce, "Ai mu babu wannan ciwo a danginmu." Wata kuma ta sassauta murya ta ce, "Mu a jininmu yake, shi ya ɗauke mahaifiyata, ni ma lokaci nake jira." Ta farko ta saki jiki, ta biyu ta sallama. A ganina tushen kuskurensu ɗaya ne, domin dukansu sun ɗauka cewa abin da aka haifi mace da shi ya riga ya gama magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano wannan ciwo a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ya kuma yi ajalin kusan 670,000. Daga cikin masu kamuwa, waɗanda suka gaji lalatacciyar ƙwayar halitta irin BRCA1 ko BRCA2 ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. A shekarar 2000 an wallafa binciken da ya bi diddigin tagwaye sama da haihuwa 44,000 a Suwidin da Denmak da Finlan, aka ƙiyasta cewa rabon gado a sankarar mama kashi 27 ne cikin 100. An kuma daɗe da lura cewa matan Japan da suka koma Amurka da zama, haɗarin na hauhawa a kan 'ya'yansu da jikokinsu har ya kusa kamo na mutanen gari. Jini bai canza ba a tsakanin kaka da jika. Rayuwa ce ta canza.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ke faruwa a jikin mace bayan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Tun a 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai fama da sankarar mama gaɓar da ke samar da ƙwai, ya ga ƙullutun ya ja baya. A lokacin ba a san sinadarin istrojin da wannan gaɓa ke samarwa ba, amma daga baya aka fahimci cewa mafi yawan sankarar mama da shi take rayuwa, kamar yadda wuta ke cin itace. To, idan al'ada ta ɗauke, gaɓar nan ta daina samar da istrojin, sai mutum ya zaci haɗari zai ragu. Akasin haka ake gani: yawancin masu kamuwa sun haura shekara 50. Tsufa na da nasa hannun, domin kurakurai na taruwa a ƙwayoyin jiki shekara bayan shekara. Akwai kuma wani dalili da ba a cika gaya wa mata ba. Kitsen jiki na ɗauke da wani sinadari mai suna aromates, wanda ke juya wasu sinadarai su koma istrojin. Bayan ɗaukewar al'ada, kitse ne ya zama babbar masana'antar istrojin a jikin mace. Gwargwadon yawansa, gwargwadon abin da ke zagayawa a jini ya isa ga mama. Shi ya sa ma magungunan da ake ba matan da suka kamu a wannan shekaru, irin su letrozole da anastrozole, aikinsu toshe aromates ne. Ƙiba kuma na tafe da yawan insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) da kumburin cikin jiki mai ci sannu a hankali, waɗanda su ma ke zuga ƙwayoyi su yi ta rarrabuwa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo ne a watan Yulin 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata sama da 16,000, bayan an ga cewa masu shan haɗin istrojin da firojestin, maganin da ake ba mata don sauƙaƙa wahalar ɗaukewar al'ada, sun fi kamuwa da kusan kashi 26 cikin 100. Mata da yawa suka daina shan maganin. A shekarar 2003 yawan sabbin masu kamuwa a ƙasar ya sauka da kusan kashi 7 cikin 100. Canji ɗaya, a hannun matan da tuni suka manyanta, ya bayyana a alƙaluman ƙasa cikin ɗan lokaci. Wannan ba ya nufin maganin haramun ne ga kowa. Akwai matan da zafin jiki da rashin barci ke galabaitarwa, shawararsu tana wurin likita. Darasin da na ɗauka shi ne jikin mace mai shekara 55 ko 60 bai daina amsa abin da ake yi masa ba.

Haka ma wani nazari da ya tattara mata sama da 180,000 masu shekara 50 zuwa sama ya nuna cewa waɗanda suka rage nauyi, suka kuma riƙe ragin, haɗarinsu ya yi ƙasa da na waɗanda nauyinsu ya tsaya yadda yake. Giya ba ta buƙatar dogon bayani: kowane giram 10 na sinadarin barasa da ake sha a kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 7 cikin 100. Shayarwa na rage shi da kusan kashi 4 a kan kowane wata 12. Motsa jiki ma na ragewa, kuma abin da ake nema daga baligi minti 150 ne a mako, ko da tafiyar sauri ce.

Ta yaya abin da mace ke ci, ko yawan zamanta, zai taɓa ƙwayar halitta alhali bai canza rubutun DNA, wato bayanan gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, ba? A nan ilimin efijenetik ya shigo, kalmar da masanin nan na Birtaniya Conrad Waddington ya ƙirƙiro a 1942. Ɗauki kalmar "fari". Haruffanta huɗu ba sa canzawa, amma karin murya ne ke nuna ko launi ake nufi ko ƙamfar ruwan sama. DNA shi ne haruffan. A samansa jiki na ɗora wasu ƙananan alamomi, mafi shahara ita ce metil, masu cewa a karanta wannan ƙwaya da ƙarfi, a yi shiru da waccan. A 2003, a Jami'ar Duke, an ciyar da ɓeraye masu ciki abinci mai yawan sinadaran da ke samar da metil, sai 'ya'yansu suka fito da launin gashi daban da na 'yan'uwansu masu ƙwayoyin halitta iri ɗaya. Mutanen da aka ɗauki cikinsu a lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, an duba jininsu bayan shekara 60 aka tarar tabon yunwar na nan a kan wata ƙwaya mai suna IGF2. A 2005 kuma masu bincike a Sifaniya suka nuna cewa tagwaye masu kama ɗaya alamominsu kusan iri ɗaya ne suna ƙanana, amma suna girma suna rarrabuwa.

Alaƙar wannan da sankarar mama ta kai tsaye ce. Akwai matan da BRCA1 ɗinsu lafiya lau yake, ba su gaji wata matsala ba, amma a cikin ƙullutun sai a tarar metil ya danne shi ya hana shi aikinsa na gyaran DNA. Mai gadi na nan a bakin ƙofa, an dai rufe masa baki. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne wasu alamomin na gogewa: tabon da sigari ke bari a DNA na jini yana dusashewa a hankali bayan an daina sha.

Sai dai a nan ne nake so a ja birki, don ina ganin yadda ake neman mayar da wannan ilimi haja. Tun da Steve Horvath ya fito da agogon efijenetik a 2013, wanda ke ƙiyasta tsufan jiki daga wurare 353 a kan DNA, kasuwa ta buɗe a intanet: gwajin "ainihin shekarunki", ƙwayoyin ƙarin abinci masu "gyara ƙwayoyin halitta". Gaskiya ne wasu nazarce-nazarce sun ga matan da agogonsu ke gudu sun ɗan fi kamuwa. Amma yawancin binciken da jini ake yin sa, jini kuwa ba naman mama ba ne, kuma ganin alama tare da ciwo bai isa a ce alamar ce ta jawo shi ba. Babu wani ƙarin abinci na kwalba da aka tabbatar yana hana sankarar mama ta wannan hanya. Kuɗin da mace za ta kashe a can, gara ta kai shi wurin hoton mama da ake ɗauka a asibiti don gano ciwon da wuri.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Da zarar an ce salon rayuwa na da hannu, sai a fara yi wa mara lafiya kallon mai laifi: da kin rage ƙiba, da kin shayar, da kin motsa jiki. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna illa kasancewarsu mata da kuma shekaru. Akwai siririya mai tafiyar ƙafa kullum, wadda ba ta taɓa kurɓar giya ba, ta shayar da 'ya'ya shida, ta kuma kamu. Rage haɗari daban, rigakafi mai tabbas daban. Kuma matar da ke aikin dare don ta ciyar da gida, ko wadda ciwon gwiwa ya zaunar, ba ta zaɓi halin da take ciki ba.

Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta kamu, musamman tun da ƙuruciya, ta gaya wa likita, domin ana iya fara duba ta da wuri ko a yi mata gwajin gado. Wadda ta ce babu a danginsu, ita ma ta kai kanta hoton mama idan shekarunta sun kai. Ƙullutu a mama ko a hamata, jini daga kan mama, kan mama da ya nutse ciki, fatar da ta yi kauri ko ta loɓa, ko da babu zafi ko kaɗan, kada a kwana da su ana cewa bari a gani. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano ciwon da wuri kuma magani ke samuwa, sama da kashi 90 cikin 100 na masu shi suna raye bayan shekara 5. A Indiya kashi 66 ne, a Afirka ta Kudu kashi 40.