Mai kaza a aljihu da labarin sabuwar memori

Daren Asabar a fadarmu ta unguwar Bukoki a Yamai, kafin a sauke shayi na biyu, gardama ta kaure. Ƙanena da ke aiki a Faransa ya zo hutu, kuma yana da ɗan hannun jari a wani kamfanin ƙera memorin kwamfuta. Ya rantse cewa ƴan jarida sun tsani kamfanin nan, kullum sai sun kushe sabuwar fasaharsa don farashin hannun jari ya faɗi. Wani abokinmu mai gyaran kwamfuta a gefen Babbar Kasuwa ya dube shi ya ce, "Ƙane, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

Na fi karkata ga mai gyaran, amma ba zan wanke abokan sana'ata ƴan jarida ba. Son kai akwai shi. Sai dai ba inda ƙanena yake nemansa ba.

A watan Yulin 2015, kamfanonin Amurka biyu, Intel da Micron, suka sanar da wata memori mai suna 3D XPoint. Suka ce ta ninka memorin da ke cikin wayoyinmu sauri har sau 1,000, kuma ba ta manta abin da aka zuba mata ko an ɗauke wuta. Jaridu suka kwashi alƙaluman yadda aka ba su, suka baza. Da kayan suka shigo kasuwa a 2017 da sunan Optane, masu gwaji suka tarar lalle akwai sauri, amma ko kusa da dubun nan bai kai ba, ga kuma ɗan karen tsada. Micron ta janye a 2021, ta sayar wa Texas Instruments masana'antarta ta jihar Utah kan dala miliyan 900. A 2022 Intel ma ta naɗe tabarmar, da asarar dala miliyan 559 ta kayan da suka kwanta mata. Wanda ya zuba kuɗinsa saboda kanun labaran 2015, yabon jarida ne ya kai shi ya baro, ba sukarta ba.

Dalilin a fili yake. Kwafar sanarwar kamfani aikin minti goma ne, gwada na'ura kuwa yana cin kuɗi da makonni. Kuma babban adadi ya fi jan mai karatu. Haka aka yi da memorin kamfanin Rambus wajen shekarar 2000: Intel ta mara mata baya, amma wata memori mai araha da ake kira DDR ta kayar da ita.

Yanzu wadda ake yayi ita ce HBM, memorin da ake jera ta hawa-hawa kamar bene a manna ta kusa da na'urorin kamfanin Nvidia masu sarrafa ƙirƙirarriyar basira. Wannan karon akwai masu saye na gaske, shi ya sa ban ce ƙanena ya yi cinikin biri a sama ba. Amma kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, su ke riƙe da kusan duk kasuwar, kuma da suka juya masana'antunsu ga HBM mai riba, memorin talaka ta yi ƙaranci. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabi, har Micron ta ce za ta daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayanta masu suna Crucial.

Wannan ɓangaren ne ya shafi Yamai, kuma shi ne manyan jaridun kasuwa suke tura wa ƙasan shafi, don masu karanta su masu jari ne. Mai gyaran ya ce ranar Alhamis wata ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta a ƙara mata memori don ta rubuta kundinta. Ya faɗa mata kuɗin. Ta ƙirga abin da ke cikin jakarta sau biyu, ta mayar da kwamfutar cikin leda ta tafi.