Aska Takwas Ga Maris

Wanda bai taɓa yin azumi a Garwa ta Kamaru cikin watan Maris ba, kada ya yi saurin yi mini dariya. Azumin 2025 a Maris ya faɗo, lokacin da zafi ke haura maki 40, kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, dorina ma ba ka ganin komai nata sai hanci. Ranar Lahadi ce, wajen ƙarfe ɗaya, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak. Na tuɓe riga, na fizgo wani tsohon zanin uwargida daga kan igiya, na tsoma a bokiti, na ɗaura shi a jiƙe tun daga hammata, na miƙe a zaure. Ban tsaya duba ko wane zani ne ba.

Ni tela ne, shagona a jikin gidanmu yake. Bara na yi abin da 'yan layinmu ke kira ƙaryar arziki: na fasa bangon gaba na sa babban gilashi irin na manyan butik, na tsayar da mutum-mutumi a bayansa. Limamin unguwa ya yi magana a kan mutum-mutumin, sai na cire masa kai, aka zauna lafiya. A ranar yana sanye da gandurar wani Alhaji, farar shadda, aikin aska takwas, wadda mai surfani ya yi kwana goma sha biyu yana kanta.

Alhajin ɗan Garwa ne, amma a Yawunde yake kasuwancinsa, a unguwar Birkiteri. Ina cikin gyangyaɗi sai ga kiransa.

"Malam tela, an gama?"

"An gama, ranka ya daɗe."

"To turo mini hoto yanzu in gani. In ta yi, in aiko da cikon kuɗinka, gobe ka kai ta ajans, a sa ta a motar Yawunde."

Cikon kuɗin nan shi ne kayan sallar yarana, shi ne kuma bashin mai zare. Na miƙe na laluba ƙusar da muke rataye makulli, wayam. Yaron shagona ya tafi da shi Pitowa, don Lahadi ce ranar kasuwarsu, wayarsa kuma a kashe. Akwai makulli na biyu mana. Yana cikin shagon, a aljihun keken ɗinki, inda na adana shi don kada ya ɓata.

Na ce ai abin mai sauƙi ne, gilashin nan da ma don a gani na sa shi. Layi babu kowa, kowa na kwance yana lissafin awannin da suka rage a sha ruwa. Na fita yadda nake, na tsaya gaban shago, na ɗaga waya na ɗauka.

Da na koma inuwa na duba, sai na ga gandura dai tana nan, amma ta samu mai sawa. Kaina ya zauna daram a kan wuyan mutum-mutumin, kamar an gwada. A daidai ƙirjin rigar, inda askakin suke, tumbina ne naɗe cikin jiƙaƙƙen zani. Kuma ba ni kaɗai ba ne, mu biyu ne: akwai wani ni ɗin a ɗan gefe, dishi-dishi, kamar aljanina ya biyo ni ganin hanya.

Na koma na matsa dama, na fito a dama. Na tsuguna, sai sanƙona ya leƙo daga ƙasan rigar. Na ɓuya a jikin bango na miƙo hannu kawai, sai hoton ya fito da hannu riƙe da waya yana fitowa daga aljihun Alhaji, kamar ɗan sane. Kafin in ankara yara sun taru, kuma kowane hoto na ƙara ɗauka akwai sabon yaro a ciki yana washe baki. Wani ɗan moto ya tsaya, ya ga ana hoto, ya gyara zama a kan mashin ɗinsa.

Sai na kira ɗan yayata da ke karatun kimiyya a jami'ar Ngaundere, can Dang. Na tura masa hoton tukuna. Sai da ya yi minti guda bai iya magana ba.

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji shi, yana shessheƙa. "Gilashi ba ya barin duk haske ya ratsa shi. Kowace fuskarsa tana mayar da kamar kashi 4 cikin 100, kuma fuska biyu gare shi, ta waje da ta ciki. Shi ya sa ka fito biyu. In ka haɗa, kusan kashi 8 ke nan."

Na ce kashi 8 kawai ne zai yi mini wannan wulaƙancin?

"Kashi 8 na ranar Garwa ya fi duk hasken da ke cikin shagonka. Kai kana rana, riga tana duhu. Madubi ka sa a bango, Kawu, ba taga ba."

Ya ce masu hoto suna da wani tabarau na kyamara, polariza, wanda in ka tsaya a karkace, kamar digiri 56, yake shanye ƙyallin. Na karɓi tabaran ɗan moton nan na sefa 500 na kara a bakin kyamara. Ashe ba kowane baƙin tabarau ba ne. Ina nan yadda nake, baƙi kawai na ƙara.

Na ce to a goge ni da manhaja, ai ina ganin yara suna goge tsofaffin samarinsu daga hoto. Ya ce wannan daban ne. Mutumin da ke tsaye a gefe ana iya yanke shi. Ni kuwa a kowane ɗigo na hoton, hasken tumbina da hasken shaddar sun gauraya, an riga an dama fura da nono, manhaja sai dai ta yi hasashen wanne ne wanne. Ya ce Adobe, masu Photoshop, sun fito da abin raba irin wannan a Disamba 2024, amma da farko ɗanyen hoto kawai yake karɓa, wanda ake ce wa RAW. Na ce masa duk hotunana ɗanyu ne, ban taɓa dafa ko ɗaya ba. Ya ce wasu wayoyin Samsung ma suna da maɓallin goge inuwar gilashi. Na juya bayan wayata na karanta masa sunanta, ya ce Allah ya kyauta, yana da lakca.

Lakca ranar Lahadi. Na riƙe wannan, za mu haɗu da sallah.

Na sayi data, na sauke wata manhaja ta kyauta wadda hotonta ke nuna taga da ƙyalli a hagu, taga tas a dama. Yadda take aiki shi ne ka shafa yatsa a kan abin da ba ka so, wurin ya yi ja, ka danna, ta ci. Amma kafin kowane ci sai ka kalli talla. Da bakin azumi na kalli tallar caca sau huɗu, da wata ta nama yana ɗigar da mai a kan wuta, wadda har yau ban yafe ba.

Shafar farko na yi ta da zuciya, na lulluɓe duk ƙirjin rigar da ja. Ta goge ni kam, amma ta haɗa da askakin takwas, da tambarin, da linzamin wuya. Aikin kwana goma sha biyu ya tafi cikin daƙiƙa uku. Abin da ya rage farin ƙyalle ne sumul tsaye babu kai. Na ce a'uzubillahi, in na tura wa Alhaji wannan ai zai ce likkafani na ɗinka masa.

Ta biyu na yi a hankali, da ɗan ƙaramin yatsa. Ta cire kaina ta bar tumbin. Ta uku ta cire tumbin ta bar kunnuwa biyu suna shawagi a kan kafaɗa. Can na ga wani maɓalli mai taurari, wai na AI, wanda ke cike gurbin da kansa. Talla biyu a jere. Da ta gama juyawa, wallahi sai da na gyara zama. Babu ni, babu yara, babu ɗan moto. Ga gandura fara fes, ƙirjinta cike da aiki, ya yi kyau har ya wuce misali. Alhaji ya riga ya kira sau biyu, idona kuma ya soma ganin taurari irin na maɓallin. Na tura.

Ko minti ashirin ba a yi ba sai ga yaron shago ya sauko daga moto, da ledar albasa a hannu da makulli a wuya. "Maigida, sannu da hutawa," in ji shi.

Bayan la'asar saƙon murya ya shigo. "Masha Allah! Malam tela, ashe haka hannunka ya faɗa? Ni aska takwas na ce, amma wannan sabon aikin ya fi. Wannan zagayen na tsakiya da rubutun da ya kewaye shi, irin na Maroko ne ko? Na nuna wa mutanena a masallaci, biyu suna so. Na turo kuɗinka."

Wane zagaye? Wane rubutu?

Na buɗe shago na tsaya gaban rigar, waya a hannu. A jikin riga aska takwas ne, kamar yadda kakanninmu suka san shi. A cikin hoto kuwa askaki uku ne suka tsira, sauran wurin wani babban zagaye ne mai ganyaye, da wasu lanƙwashe-lanƙwashe masu kama da rubutun allo, da tauraro ƙarami a gefe. Ban taɓa ganin wannan aikin ba a Garwa, ko Marwa, ko Kano. Kuɗi kuwa sun riga sun shigo, har na aika wa mai zare nasa.

Da aka sha ruwa ko folere, wato zoɓo, bai wuce mini da daɗi ba. A ƙofar masallaci na ba Baba mai hoto labari, dattijon da ya yi shekaru yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa tun zamanin akwati mai ƙafa uku. Bai yi dariya ba, tsaki ya yi.

"Kai yaro, me ya sa kake jin muke shiga cikin baƙin ƙyalle? Da ka manna wayar a jikin gilashin, ka lulluɓa baƙin mayafi ta baya, shi ke nan. Ko ka jira dare, haske a ciki, duhu a waje."

Ya sa yaron shago ya shiga da tocila ya haska rigar, mu muka tsaya a waje. Gilashin ya ɓace kamar ba a taɓa sa shi ba, ana ƙirga zare ɗaya-ɗaya. Baba ya ce kuɗin shawara sefa 200 ne, na goro.

Uwargida ce ta warware sauran. Ta ga ina ta jujjuya waya a kan tabarma, ta karɓa, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta yi shiru.

"Malam, wannan ai zanina ne."

Ta shiga ta ɗauko shi, ya bushe. Atamfar 8 ga Maris ce, irin wadda ake bugawa kowace shekara a Kamaru don ranar mata, tata ta wasu shekaru da suka wuce. Ta shimfiɗa ta nuna mini. Zagayen Maroko shi ne tambarin da ke tsakiyar zanin. Rubutun allon kuwa rubutun Faransanci ne na ranar mata, gilashi ya juya shi baibai, manhaja ta murɗe shi. Lambar 8 ce kaɗai ba ta canja ba, don ita ko ka juya ta a madubi 8 ce. Tauraron kuma ƙunar garwashi ce, ranar da dutsen guga ya zubar mata da wuta.

"Ka ce da wannan ka fita layi?" in ji ta. Na ce zafi ne. Ta ce ita ma ai a Garwa take.

Na kwana ina juyi. Da sahur na yanke shawara ba zan ci kuɗin mutum da ƙarya cikin azumi ba. Na tura wa Alhaji hoton rigar na gaskiya wanda muka ɗauka da tocila, na yi masa bayani. Ya ce bai gane ba, ta yaya zani zai shiga riga? Babu yadda na iya, na rufe ido na tura masa hoton farko, mai kaina a wuyan mutum-mutumi.

Alamar karantawa ta yi shuɗi. Shiru. Can sai saƙon murya na daƙiƙa arba'in, babu kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce da tari, da muryar Hajiya daga nesa tana cewa a ba ta ta gani. Kafin azahar hoton ya shiga zauren WhatsApp na 'yan Garwa mazauna Yawunde, kafin magariba ya dawo Garwa da ƙafarsa. Mai shayin layinmu ne ya fara kirana Takwas Maris, yara suka ɗauka.

Alhaji ya karɓi aska takwas ɗinsa ya yi sallah da ita. Amma ya ce shi fa wancan aikin na hoto yana nan a ransa, a yi masa shi don babbar sallah, shi da abokansa biyu. Mai surfani ya ce ba zai iya kwaikwayo daga waya ba, ƙanƙanta ya yi, sai an kawo masa zanin, kuma a baibai yake son ganinsa yadda ya fito. Haka muka wuni wata Laraba, ni riƙe da zanin ranar mata a gaban gilashin shagona cikin rana, shi yana tsugune yana zana inuwar a takarda, 'yan moto suna wucewa suna ɗaga mini hannu.

Zanin ma ba a banza na samu ba. Uwargida ta ce aikin nata ne, har tauraron, don haka turmin atamfa sabuwa kafin ya fita daga ɗakinta. Na ce ai tsohon zani ne, har da ƙuna.

"Ƙunar ce Alhaji ya fi so," in ji ta. "Kuma a wanke mini shi kafin a dawo da shi."