Gaisuwar da ta ƙi ƙarewa a Tudun Wada

Duk mai zuwa wajen ɗaga ƙarfenmu na Unguwar Dosa ya san musun, ba sai na maimaita ba. Mutumin nan na Kawo, mai rigar da ya yanke wa hannu da reza, ya kafe cewa a cikin salon dedilif, wato sunkuyawa a ɗago sandar ƙarfe mai faifai zuwa ƙugu, na sumo ya fi kowanne gina naman bayan cinya. Na ce na Romaniya ne. Koci ya gaji da mu, ya ce ranar Alhamis kowa ya zo ya yi nasa a huta.

Kuma har gobe ni ke da gaskiya. A sumo ƙafa kake warewa, hannu ya sauka tsakanin gwiwoyi, ƙirji a miƙe, sai yawancin aikin ya tafi gaban cinya da cikinta da ɗuwawu. Tafiyar sandar ma gajeriya ce, abin da ya sa ɗan Kawo ke son sa ke nan, ya loda faifai a ɗauke shi bidiyo. Na gargajiya da ake ɗagowa daga ƙasa kuwa raba nauyin yake yi, baya ya ɗauka, ƙugu ya ɗauka, cinya ta samu rabonta. Na Romaniya shi ne maƙetacin. Daga tsaye kake farawa, ka ɗan sassauta gwiwa, ka tura ƙugu baya, sandar na shafar cinya tana sauka har ta wuce gwiwa, gadon baya a shimfiɗe kamar mai ruku'u. Tsokoki ukun nan da suka taso daga ƙashin zama zuwa ƙasan gwiwa sai su yi ta miƙewa da nauyi a kansu. Har tarihi na kawo musu, na ce sunan ya samo asali ne daga Nicu Vlad, ɗan Romaniya da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984, Amurkawa suka gan shi yana yi a 1990 suka laƙaba wa abin sunan ƙasarsa. Ɗan Kawo ya ce shi Eddie Hall ya sani, mai kilo 500 a 2016. Na ce ai shi ma ba da sumo ya ɗaga ba. Ya yi tsaki.

Koci ya ce in fara da sandar kawai, kilo 20 ɗinta ya ishi sabon shiga. Ɗan Kawo ya ce matarsa ma ta fi haka ɗauka in ta dawo daga Kasuwar Bacci. To ku faɗa min, wa zai ji wannan ya yi shiru? Aka ƙara faifai. Na yi, na sake yi, ina sauka a hankali yadda ake so, na tafi gida garau ina jin kaina. Ba wanda ya ga dama ya tuna min cewa saukar nan a hankali ita ce uwar tsami, kuma tsamin ba ranar yake zuwa ba, sai ya kwana ɗaya ko biyu yake kai ƙarshe.

Asabar Baban su uwargida ya dawo daga Umara, dole a je sannu da zuwa.

Tun daga shiga Keke na san akwai magana, don sai da na kama ƙafar dama da hannu na shigar da ita. A ƙofar falo sunkuyawa ta gagara, na taka dunduniyar takalmi da ɗaya ƙafar na zare. Falon cike: Baba a kan darduma, aminansa dattawa a jere, ga dabino a faranti, ga turaren wuta. Na yi sallama, na tattara babbar riga, na durƙusa. Sauka dai ta yiwu, don ƙasa ita ke jan mutum.

“Barka da dawowa, Baba. An dawo lafiya? Ya gajiyar hanya? Allah Ya karɓi ibada.”

Ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, “Tashi mana, ga kujera.”

Na yunƙura. A nan tsokar bayan cinyar hagu ta ɗaure tam, ta dunƙule wuri ɗaya, har ina jin tudunta a kan dunduniyata. Wani zafi ya taso ya bi ƙugu ya fito ta ido. Na koma na zauna a kan ƙafar, na yi murmushin da ban san irinsa ba, na ce, “Nan ma ya isa, Baba.”

Sai wani dattijo mai jan rawani ya gyaɗa kai. “Alhaji, ka yi dacen suruki. Yaran yanzu a tsaye suke miƙo maka hannu.” Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Aka shiga hirar lalacewar tarbiyya, ni ne abin misali, gumi na bin bayana. Baba ya sake cewa in hau kujera. Na sake cewa nan ya isa. Ya miƙo min kofin zamzam, tazarar ba ta fi taku ɗaya ba, amma sai da na ja gwiwa na rarrafa na karɓa, mai jan rawani ya ce, “Kun gani ko?” Daga nan ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ya bi iyaye da kakanni, ya bi Kaduna, ya bi Nijeriya, ya tsallaka ƙasashen Musulmi ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa cewa amin da gaske irin na ranar ba.

Aka kira azahar. Kowa ya miƙe, har masu sanda. Saura ni.

Duk wannan da ya wuce a rufe, da an ce ladabi ne ya yi yawa, ba don Autansu ba. Kun san shi. Yaron da ni na biya masa kuɗin JAMB, ni nake tura masa data duk wata, ni na roƙa masa Baba lokacin da ya kwarza motar gidan a shataletale ya ce mai babur ne. Tun shigowata yana jingine da ƙofa yana danna waya yana cije leɓe, ashe ya ga bidiyon da ɗan Kawo ya sa a WhatsApp, wanda ban ma san sun san juna ba, kuma wannan ma zance ne na wata rana. Da ya ja bakinsa ya zo ya kama ni a asirce, da na ƙara masa data. Sai ya buɗe murya yadda har mata a tsakar gida za su ji: “Baba, ba fa ladabi ba ne. Yaya ƙarfe ya ɗaga, ya kasa tashi.”

Falon ya yi tsit. Baba ya dube ni ta saman tabarau. “Ƙarfe kuma? Aikin ofis ɗin fa?”

Na ce motsa jiki ne, Baba. Ya ce, “To ga shi kuwa ya ƙi motsi.”

Mai jan rawani ne ya zo ta dama, wani ya zo ta hagu, suka sa hannu a hammatana. Abin da ya fi ci min rai, tsohon nan da ya haura saba'in sai da ya gyara tsayuwa, ya matso da ni jikinsa, ya miƙe baya, ya ce bismillah, ya ɗago ni da ƙarfin ƙafa. Da Koci na wurin da ya tafa masa. Na tashi, amma ƙafar hagu ta ƙi sauka, tana lanƙwashe a sama, na yi tsalle da ɗaya na kifar da farantin dabino. Daga bayan labule na ji muryar Hajiya surukata tana cewa wannan ba ƙarfe ba ne, sanyi ne, ta daɗe tana ganin alamarsa a tafiyata.

A masallaci kujerar roba aka ba ni a ƙarshen sahu, kusa da wani tsoho mai ciwon gwiwa da ya tambaye ni shekara nawa ciwona ya yi.

Uwargida ba ta ce komai ba a hanya, kafaɗarta ce kawai ke rawa. Washegari Hajiya ta aiko da jarkar jiƙo da man zafi, da saƙon a sha safe da yamma. Autan ne ya kawo, kuma ya tsaya jiran kuɗin mota. Jarkar na nan kan firji, uwargida na duba ko ta ragu, don Hajiya na tambaya a waya.