Gidan haya a Yamai: a duba unguwa tukuna

Wani mai rubutu ya ce gina gidan haya a Yamai ya fi ajiyar kuɗi a banki. Da gaskiyarsa, amma wace unguwa? Masu manyan gidaje a unguwannin Plateau da Kwara Kano sun ji jiki bayan juyin mulkin 2023, da turawa da ƙungiyoyin waje suka kwashe kaya. Talaka ba ya iya biyan irin wannan haya. Unguwar Harobanda da ke hayin kogi kuwa, ambaliyar 2020 ta ishe mu darasi.

Ni dai ɗakunan ciki da falo kusa da kasuwa na fi so, ko da ɗan haya zai yi ta cewa "Alhaji a yi haƙuri" wata biyu. 'Yan Tawa da ke aiko kuɗi daga Abijan, ku tabbatar da takardar fili kafin a sauke bulo.