Gado bai kamata ya cinye ɗaki ba

A Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari, yawancin ɗakunan haya ba su wuce ƙafa 10 da 12 ba. Amma da zarar an tashi jeren amarya, sai a kawo gado 6 da 6 mai katon allon kai da durowa hagu da dama. Idan aka haɗa duka, ya kusa cinye kashi ɗaya cikin uku na ɗakin. Ina za a yi sallah, ina yaro zai yi rarrafe? Iyayenmu mata, don Allah a duba wannan lamari.

Mutanen Japan sun daɗe da katifarsu da ake kira futon: ta auduga ce, kaurinta bai wuce inci 3 zuwa 4 ba, a shimfiɗa da dare, da safe a naɗe gida uku a ajiye. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin katifar rimi da ta auduga da kakanninmu suka kwana a kai a Zazzau 'yar uwarta ce.

Mai son ta soso kada ya sayi doguwa guda ya riƙa lanƙwasawa, domin daidai wurin lanƙwasar take tsagewa. A yanka soso mai nauyi, inci 4, gida uku, kowanne ƙafa 2 da 3. Tela ya ɗinka riga guda mai aljihu uku, kowanne da zif ɗinsa. In an naɗe, ta zama wurin zama mai tsayin inci 12. Soso mai arha kuwa, kafin a jima ƙugunka yana taɓa ƙasa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ajiye katifa kai tsaye a kan siminti, ko kan ledar ɗaki. Jiki yana fitar da gumi cikin dare, danshin ya sauka, ya tarar da ƙasa mai sanyi, ya rasa mafita. A watan Agusta sai ka ɗaga ka ga baƙin fumfuna da wari. A sanyin hunturu kuma simintin ne ke zuƙe ɗumin jiki. Maganinsa a sa kafinta ya yi shimfiɗar katako: sanduna 13 masu faɗin inci 3, kauri inci 1, a bar tazarar inci biyu da rabi tsakaninsu don iska. A raba ta biyu da hinji, a ɗaure da sukuru, ƙusa tana kwancewa. Busasshen katako kawai, ɗanye yana karkacewa da zarar iskar hunturu ta buso. In faɗin ya haura ƙafa 3 da rabi, dole a sa gungume a tsakiya.

Katifar auduga tana son rana da bugu da sanda duk mako. Soso kuwa a jingine shi a inuwa ya sha iska, rana tana sa shi marmashewa.

Gadon da ake naɗewa jikin bango ban ba ɗan haya shawararsa ba. Bulon inci 6 mai rami a ciki ba ya riƙe noti da kyau, kuma ranar da ya tumɓuke, kan mutum zai faɗo. Mai yara gara ya sa a yi masa gado ƙafa 3 da wani mai taya a ƙarƙashinsa, a bar tsayin inci 10 don na ƙasan ya shige da katifarsa.